Faɗuwar Alƙaluman Masu Sauraron Rediyo: Laifin Tasha ko Laifin Mudu?

Gabatarwa



A ƙasashen da gidajen rediyo ke rayuwa da kuɗin talla, akwai wata takarda da ma'aikatansu ke jira da faɗuwar gaba. Kamfanin ƙididdiga ne ke fitar da ita, a wasu wurare duk wata, a wasu kuma duk wata uku, tana nuna yawan mutanen da aka ce sun saurari kowace tasha. A kan wannan takarda ake yanka farashin talla. Idan alƙaluman tasha suka yi ƙasa, sai kuɗin shigarta ya ragu, a soke shirye-shirye, a sallami masu gabatarwa, wani lokaci ma a sauya wa tashar harshe ko irin kiɗanta baki ɗaya.

Manufar wannan lacca ita ce ta nuna cewa alƙaluman nan ƙiyasi ne, kuma kowane ƙiyasi yana ɗauke da halin mudun da aka auna shi da shi. Saboda haka idan aka ce masu sauraron wata tasha sun ragu, wajibi ne a fara bincikar mudun kafin a yanke wa tashar hukunci. Za a kafa hujja da abin da ya auku a Amurka daga 1930 zuwa 2025, domin a can ne aka fi daɗewa ana wannan awo, a can kuma aka fi yin shari'a a kansa. Daga nan za a leƙa Ingila, sa'annan a dubi abin da al'amarin ke nufi ga gidajen rediyon da ke magana da Hausa.

Asalin Awon Masu Sauraro

Mai buga jarida ya san kwafe nawa ya buga, ya kuma san nawa dillalai suka dawo masa da su. Mai gidan silima yana iya ƙirga tikitin da ya sayar. Shi kuwa mai gidan rediyo iska yake jefa wa magana, ba ya ganin kunnen da ta faɗa. Da kamfanoni suka fara zuba kuɗi a tallan rediyo, sai suka nemi a gaya musu mutum nawa kuɗinsu ke kaiwa gare su.

A 1930 Archibald Crossley ya fara awo na farko mai tsari a Amurka. Ma'aikatansa suna buga wayar tarho gida-gida suna tambayar abin da aka saurara jiya. Aibin wannan hanya shi ne mantuwa, domin mutum yakan tuna babban shiri mai suna, ya manta da ƙarami. A 1934 C. E. Hooper ya zo da gyara, watau a tambayi mutum abin da yake saurare a daidai lokacin da aka kira shi. Mantuwa ta kau, amma wata matsala ta rage: a wancan zamani gidaje da yawa ba su da tarho, musamman na talakawa da na karkara, kuma wanda ba shi da tarho ba ya cikin lissafi. A 1942 kamfanin Nielsen ya shigo da wata na'ura da ake haɗawa da akwatin rediyo, tana rubuta tashar da aka kama da tsawon lokacin da aka yi a kanta. Na'urar ba ta mantuwa, sai dai ba ta san ko akwai mutum a ɗakin ba, balle ta san ko wane ne.

A 1963 wani kwamiti na Majalisar Wakilan Amurka, ƙarƙashin shugabancin Oren Harris, ya binciki kamfanonin awo. Binciken ya fallasa sakaci mai yawa wajen zaɓen gidaje da tattara amsoshi. Sakamakon haka aka kafa wata majalisa mai zaman kanta domin ta riƙa duba aikin masu awo tana ba su shaidar inganci, wadda a yau aka sani da MRC. Tun daga wannan lokaci aka yarda cewa mai awo shi ma yana bukatar mai auna shi.

Bayan haka hanyar da ta mamaye awon rediyo ita ce ta ɗan littafin sauraro, wadda kamfanin Arbitron ya yi fice a kanta. Ana aika wa zaɓaɓɓun gidaje littafin, kowane mai shekara 12 zuwa sama ya rubuta abin da ya saurara na kwana bakwai, daga Alhamis zuwa Laraba, ya mayar ta gidan waya. An shafe shekaru fiye da arba'in ana sayar da talla bisa abin da mutane suka rubuta da hannunsu.

Samfur da Haɗarinsa

Duk waɗannan hanyoyi sun dogara ga abu guda, watau samfur. Mai sayen hatsi a kasuwar Dawanau ba ya zazzage kowane buhu. Hannu yake cusawa ya ɗebo kaɗan ya duba, ya yanke hukunci a kan buhun duka. Hukuncinsa yana yin daidai muddin abin da ke baki shi ne ke ƙasa. In kuwa mai kaya ya yi wa buhun ado a baki, ya cusa tsakuwa da ƙaiƙayi a ciki, to ɗiban hannu ya yaudari mai saye. Haka awon masu sauraro yake. Idan waɗanda aka zaɓa ba su yi kama da jama'ar garin ba, ta wajen shekaru da jinsi da harshe da arziki, to alƙaluman wani gari daban aka fitar.

Ko da zaɓen ya yi kyau, ƙanƙantar samfur kanta haɗari ce ga ƙananan tashoshi. Alal misali, a ɗauka birni yana da mutum 3,000,000, an zaɓi 1,500 daga cikinsu. Kowane mutum ɗaya a samfurin yana wakiltar 2,000 ke nan. Idan mutum 15 ke kama wata tasha a wani lokaci, takarda za ta ce tana da masu sauraro 30,000. To a ce mutum huɗu daga cikin 15 ɗin 'yan gida ɗaya ne, sai suka yi tafiya zuwa biki. Takarda ta gaba za ta ce 22,000, watau tashar ta yi asarar fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na jama'arta. A haƙiƙa ba abin da ya sami tashar, iyali guda ne suka rufe gida suka tafi. Manajan da bai san wannan lissafi ba yana iya korar ma'aikaci a kan tafiyar mutanen da bai taɓa gani ba.

Wannan rauni ya buɗe ƙofar maguɗi. A 2015 kamfanin Nielsen ya kai wani sanannen mai gabatar da shiri a birnin Tampa ƙara, bisa zargin ya tuntuɓi wanda ke cikin samfur domin a kumbura masa alƙaluma. Inda mutum ɗaya ke tsayawa a madadin dubbai, sayen mutum ɗaya ciniki ne mai riba.

Sauyin Mudu a Amurka

A 2007 Arbitron ya fara maye gurbin ɗan littafi da wata na'ura ƙarama da ake ratayawa a jiki, wadda ake kira PPM. Yadda take aiki shi ne kowace tasha tana saƙa wata alama a cikin sautin da take watsawa, alamar da kunnen mutum ba ya ji amma na'urar tana ji. Duk inda mai ɗauke da ita ya shiga, gida ko mota ko kanti, tana rubuta tashar da sautinta ya iso gare ta. An fara ciniki da alƙalumanta a Filadalfiya da Hustan a 2007, sa'annan a watan Oktoba na 2008 aka kai ta Niyok da Los Anjalis da Cikago da wasu manyan birane.

Abin da na'urar ta nuna ya girgiza masu sana'ar. Ta nuna cewa mutane suna jin tashoshi da yawa fiye da waɗanda suke rubutawa, amma lokacin da suke yi a kan kowace bai kai abin da suke faɗa ba. Mai cika littafi yakan ja layi ɗaya daga safe zuwa azahar a ƙarƙashin sunan tashar da yake ƙauna, alhali a tsakani ya fita, ya yi waya, ya murɗa wata tasha. Matsakaicin alƙaluma ya sauka ƙwarai, har kamfanin ya riƙa bayyana wa masu talla cewa maki 70 na sabon awo daidai yake da 100 na tsoho.

Faɗuwar ba ta zo wa kowa daidai ba. Tashoshin baƙar fata da na masu jin Sifaniyanci su ne suka fi jin jiki, wasu da ke kan gaba a tsohon awo suka koma can baya. Masu waɗannan tashoshi suka ce samfurin ne ba shi da kyau. Hujjarsu ita ce kamfanin yana neman mutane ta tarhon gida, alhali matasa da marasa ƙarfi da yawa wayar salula kaɗai gare su, kuma waɗanda aka samu daga cikinsu ba kullum suke ɗaukar na'urar ba. Kamfanin kuma ya ce a'a, ɗan littafi ne ya daɗe yana yi musu gyara, domin masu sauraronsu suna da kishin tashoshinsu, suna rubuta fiye da abin da suka ji.

A watan Oktoba na 2008 Babban Lauyan Jihar Niyok, Andrew Cuomo, ya kai Arbitron ƙara, takwararsa ta Jihar Niyu Jasi ita ma ta yi haka. A watan Janairu na 2009 aka sasanta, kamfanin ya ɗauki alkawarin ƙara yawan gidajen da ke da salula kaɗai, da gyara hanyar neman mutane. A watan Disamba na wannan shekara wani kwamitin Majalisar Wakilai ya sake zama a kan batun. Abin lura kuma shi ne an fara ciniki da alƙaluman a birane da dama tun kafin MRC ta ba da shaidar inganci a kansu.

Wa ke da gaskiya? Hausawa sun ce idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ɗan littafi yana auna abin da mutum ya tuna da abin da yake so. Na'ura tana auna sautin da ya ratsa kusa da shi, ko ya kasa kunne ko bai kasa ba, har da wanda ke tashi a shagon da ya shiga sayen sabulu. Abubuwa biyu ne mabambanta aka ba su suna ɗaya. Jera alƙaluman 2006 da na 2008 a ce tasha ta faɗi daidai yake da auna gero da tiya yau, gobe a auna da gwangwani, a ce rumbu ya yi yoyo.

Kunnen Na'ura Ma Yana da Zaɓi

An ɗauka cewa na'ura ba ta son kai. Sannu a hankali injiniyoyi suka gano cewa alamar nan da ake ɓoyewa tana bukatar sauti mai kauri da za ta laɓe a bayansa. Kiɗa mai ƙarfi da ba ya yankewa yana ɗaukarta sosai. Magana mai tsayawa ana numfashi, da kiɗa mai taushi, ba su ba ta wurin ɓuya mai yawa. Tun a watan Mayu na 2009 manyan tashoshin kiɗan jaz mai taushi biyu, WNUA a Cikago da KKSF a San Faransisko, suka watsar da wannan kiɗa, kuma masu sana'ar da yawa sun ɗora wa sabon awo wani kaso na alhakin mutuwar irin waɗannan tashoshi.

Wajen 2015 wata na'ura mai suna Voltair ta bazu a gidajen rediyon Amurka. Aikinta shi ne ta ƙara wa alamar ƙarfi domin na'urar awo ta ji ta. Tashoshi da yawa da suka saye ta suka ba da labarin cewa alƙalumansu sun tashi, ba tare da sun sauya mai gabatarwa ko shiri ba. A wannan lokaci awon yana hannun Nielsen, wanda ya sayi Arbitron a 2013. Kamfanin ya ƙi amincewa da Voltair, amma kafin ƙarshen 2015 ya fara raba wa tashoshi nasa sabon tsarin alama mai ƙarfi. A Kanada kuwa hukumar awon ƙasar, Numeris, ta nemi tashoshi su cire Voltair. Waɗanda suka rasa aikinsu kafin a yi gyaran ba wanda ya mayar da su.

Hujja mafi bayyana ta zo a 2025. Tun da daɗewa ƙa'idar ita ce sai mutum ya yi minti biyar yana jin tasha a cikin kwata ɗaya na awa kafin a lissafa shi. Daga watan Janairu na 2025 Nielsen ya rage wannan zuwa minti uku a biranen da ake amfani da na'ura. Nan take alƙaluman rediyo suka tashi. Mutanen su ne dai na jiya, halinsu bai sake ba, ma'anar kalmar mai sauraro ce aka sauya.

Abin da Ya Faru a Ingila

A Ingila hukumar RAJAR, wadda BBC da gidajen rediyon kasuwanci suka kafa tare a 1992, ita ke awon, kuma da ɗan littafi ta fara. A 2004 Kelvin MacKenzie, shugaban kamfanin da ya mallaki tashar talkSPORT, ya kai hukumar ƙara. Kukansa shi ne ɗan littafi yana tauye masa masu sauraro, domin awon da ya sa aka yi da na'ura mai kamar agogon hannu ya ba tasharsa alƙaluma masu yawa. Kotu ta yi watsi da ƙarar a watan Disamba na wannan shekara. A Amurka an yi ƙara domin an kawo na'ura, a Ingila an yi ƙara domin an ƙi kawo ta. Kowane mai kaya mudun da ke cika masa buhu yake yabo, don haka kukan mai tasha shi kaɗai bai isa hujja ba.

A 2020 annobar korona ta sa RAJAR ta dakatar da aikinta, saboda ba a iya shiga gidaje. Da ta dawo a watan Oktoba na 2021, ta zo da hanyar da ta haɗa ɗan littafi da manhajar wayar salula, aka kuma ja kunnen masu amfani da alƙaluman game da kwatanta su da na baya. Wannan ita ce ɗabi'ar da ta dace da mai awo, watau ya sanar da jama'a duk ranar da ya sauya mudu.

Darasi ga Rediyon Hausa

Rediyo yana da matsayi babba a ƙasar Hausa. Sashen Hausa na BBC ya fara aiki a 1957, gidan rediyon Kaduna a 1962. Dokar 1992 ta ba 'yan kasuwa damar buɗe tashoshi a Nijeriya, kuma tun da Freedom Radio ta buɗe a Kano a 2003 tashoshi masu zaman kansu suka yi ta ƙaruwa a Arewa. Dukkansu talla suke nema, manyan dillalan talla kuwa a Legas suke, kuma alƙaluma suke tambaya. A 2020 Gwamnatin Tarayya ta kafa kwamiti a kan samar da tsarin auna masu kallo da sauraro. Ke nan gardamar da aka yi a Niyok da Landan ta shafi Kano da Sakkwato da Damagaram.

Kowace hanya da aka ambata tana da inda za ta yi tuntuɓe a wannan ƙasa. Ɗan littafi yana bukatar mai rubutun boko, alhali masu sauraro da yawa ajami suka iya, wasu kuma ba su rubutu. Tambaya ta waya tana barin wanda ba shi da waya, ko wanda ke inda ba sabis. Mai ƙididdiga namiji yana tsayawa a zaure, matan gida kuwa, waɗanda akwatin rediyo ke rakiyarsu wuni guda, suna ciki ba a ji ta bakinsu ba. A teburin mai shayi ko a majalisar ƙofar gida akwati ɗaya yana iya ciyar da kunnuwa ashirin. Manomi a gona da makiyayi a ruga suna nesa da titin da motar masu bincike ke bi. Daɗin daɗawa, sauti ba ya tsayawa a kan iyaka, mai saurare a Maraɗi yana kama tashar Katsina, amma awon Nijeriya ba ya ƙirga shi.

Duk waɗannan kurakurai gefe ɗaya suke karkata. Suna rage talaka da mace da mutumin karkara, su ƙara wa ɗan boko na birni nauyi. Tashar da ke magana da Hausa ko Fulatanci ko Kanuri ita za ta fito ƙarama a takarda, kuɗin talla ya kauce mata, daga nan a ce shirin noma ko na lafiyar mata ba shi da masu sauraro. Wannan ya shafi ma'aikacin gwamnati kai tsaye, domin shi ke zaɓen tashar da za a ba sanarwar rigakafi ko ta rajistar zaɓe. In ya bi gurguwar takarda, saƙon zai wuce waɗanda aka yi shi dominsu.

Su ma gidajen rediyo suna da nasu awon na gargajiya da ya kamata a yi hattara da shi. A da tarin wasiƙu da katunan zaɓe ake nunawa, yanzu kuma yawan masu bugo waya. Duk mai bin shirye-shiryen kiran waya ya san cewa sunaye kaɗan ne ke maimaituwa daga tasha zuwa tasha. Masu kira ƙungiya ce ta masu kati da lokaci da son a ji muryarsu, ba su wakiltar masu saurare shiru.

Kammalawa

Kada a fahimci wannan bayani da cewa duk faɗuwa ƙarya ce. Ruwa ba ya tsami banza. Wayar salula da intanet sun ɗauke wa rediyo wani kaso na lokacin matasa, kuma garin da a da yake da tasha ɗaya ko biyu yanzu yana da goma ko fiye suna rabon jama'a ɗaya. Tashar da ke maimaita shiri ɗaya shekara da shekaru tana iya rasa mutane da gaske, kuma zargin mai awo ba zai dawo mata da su ba.

Abin da ake bukata shi ne hanyar rarrabe faɗuwar gaskiya da ta takarda. Duk wanda aka miƙa wa alƙaluma, manaja ne ko jami'in ma'aikata ko ɗalibi mai bincike, ya kamata ya tambayi mutum nawa aka auna, da yadda aka zaɓo su, da waɗanda aka bari a waje. Ya tambayi abin da ake nufi da sauraro a wannan awo, da ko hanyar ta sauya tun awon baya. Ya tambayi wanda ya biya kuɗin aikin, da wanda ya duba shi. Faɗuwar da ta dawwama a awo uku ko huɗu a jere, da mudu ɗaya, a samfur mai yawa, ita ce ta cancanci a ɗauki mataki a kanta. Ta awo guda kuwa sai a jira na gaba.

Akwai aiki a nan ga jami'o'i. Sassan harsuna da na aikin jarida da na lissafi suna da ɗalibai maza da mata da suka san harshen jama'a, waɗanda za su iya shiga gida da ruga su yi tambaya yadda za a fahimta. Idan masana na gida ba su sa hannu wajen sassaƙa mudun ba, to za a auna masu sauraron Hausa da wanda aka sassaƙa domin wasu mutane daban, kuma a kan sakamakonsa za a yanke abin da za su ji da abin da za a hana su ji.